Doki a Ƙasar Kurmi: Wa Zai Sauke Haƙƙinsa?



Ranar Talatar da ta wuce, bayan an idar da La'asar muna zaune a harabar masallaci, sai ga wani saurayi ya zo ya durƙusa ya gaida dattawa. Ya ce maigidansa ne ya aiko shi ya ji ko akwai wanda ya san maganin kumburin ƙafar doki. Nan da nan shawara ta ɓarke. Wannan ya ce a jiƙa kanwa, wancan ya ce a shafa man shanu, wani ma cewa ya yi a yi masa lalas. Sai wani tsoho a cikinmu, wanda ya yi ƙuruciyarsa a bargar wani hakimi a ƙasar Katsina, ya dubi yaron ya ce, "Samari, yaushe rabon da a kwance shi daga turke?" Yaro ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, tun bayan Babbar Sallah." Tsohon ya ce, "To koma ka gaya wa Alhaji, ciwon ba a ƙafar doki ya fara ba."

Dukkanmu mun san dokin. A tirelar shanu aka kawo shi ana saura kwanaki kaɗan Sallah. Ranar idi aka ɗaura masa sirdi da jalala, aka ɗora ɗan maigidan da rawani, mu kuma muka bi shi a baya muna ɗaukar hoto, mata na guɗa. Yau wata biyu ke nan yana ɗaure a bayan shago, gefen kwata, ƙasan da yake tsaye duk caɓi, haƙarƙarinsa a waje kamar a ƙirga. Ba za mu ambaci sunan mai shi ba, domin ba shi kaɗai ba ne, kuma ba don a kunyata wani muke wannan rubutu ba. Mu ma da muka yi tafi ranar nan muna da kaso a ciki.

Tambayoyin da kan zo mana game da doki kusan iri ɗaya ne kullum. Me za a ba shi ya yi ƙiba? Me ya sa yake cizo? Yaya za a yi ya daina tutsu? Me ke sa shi birgima da dare yana waiwayen cikinsa? Duk tambayoyi ne masu kyau, kuma za mu taɓa wasu daga ciki. Amma akwai wadda take gaba da su, wadda ba mu cika yi ba: shin mutumin da Allah ya hore wa kuɗin sayen doki, wannan kaɗai ya ba shi ikon ajiye shi?

Mu fara da yi wa masu dawaki adalci. Son doki ba laifi ba ne. A cikin Suratun Nahli, aya ta 8, Allah ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a cikin ni'imominsa, ya kuma faɗi amfaninsu guda biyu, hawa da ado. Ke nan ado da doki ba abin kunya ba ne. Kuma mun san abin da ke jan zuciyar ɗan kasuwar da ya shekara talatin a Agege ko Mile 12 ko Sabon Ibadan. 'Ya'yansa a nan aka haife su, Hawan Daushe a waya suke ganinsa, ƙarar algaita da ƙurar sukuwa labari ne kawai a wurinsu. Yana so ɗansa ya taɓa gezar doki da hannunsa, ya san daga inda ya fito. Maƙwabtanmu Yarabawa ma suna da tasu al'adar; duk wanda ya je Ijebu-Ode a kwana na uku bayan Babbar Sallah ya ga yadda gidajen Balogun ke fitowa a kan dawaki a bikin Ojude Oba. Saboda haka kada wani ya ce muna yaƙi da al'ada. Kewar gida abu ne da kowannenmu ya kwana da shi.

Matsalar ita ce mu ne muke kewar gida, amma doki ne ke biyan kuɗinta.

Tun kafin a haifi kakanninmu aka san ƙasar kurmi ba ta karɓar doki da sauƙi. Tsohuwar daular Oyo ta yi ƙarfi a ƙarni na 17 da na 18 saboda mayaƙanta na kan dawaki, amma dawakin daga arewa take sayo su, ta hanyar Nufe da Borgu, kuma da yawa cikin masu kula da su mutanen arewa ne, wasunsu bayi. Dalili kuwa dawaki ba sa yaɗuwa a nan, mutuwa suke yi, sai an ci gaba da kawo wasu. Babban abin da ke kashe su shi ne ƙudan tsando mai sa sammore, ciwon da makiyayanmu suka sani sarai: dabba ta yi ta ramewa, jini ya ƙare, ƙafafu da ƙasan ciki su kumbura. Yau a cikin birni tsando ya ragu, amma damshi yana nan, kaska tana nan, ruwan sama na watanni yana nan. Dokin da ya tashi a jigawar Maigatari ko Mai'aduwa, inda ƙasa take a bushe iska na kaɗawa, an ɗora shi a mota ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 a tsaye, an sauke shi inda gumi ba ya bushewa a jiki. Shi da gumi yake huce zafin jikinsa, in iska ta cika da damshi kuwa gumin ba ya yi masa aikin da ya saba. Bai zaɓi wannan tafiya ba. Mu mun zo neman halak da ƙafarmu, shi kawo shi aka yi.

Ba muna cewa doki ba ya rayuwa a nan ba ne. Ga dawakin ƙwallon dawaki a Ikoyi, sumul-sumul da su, kuma yaranmu ne da yawa ke kula da su. Amma ku tambayi yaran abin da ake kashewa da irin hidimar da ake yi daga asuba zuwa dare. Nan ne za a gane cewa kuɗin da aka ƙirga wa dillali shi ne mafi ƙanƙantar abin da doki zai ci.

Mu ɗauki abinci. Doki ba saniya ba ne. Tumbinsa ƙarami ne, ba ya tuƙa, kuma ba ya iya amai. Allah ya halicce shi ya riƙa ci kaɗan-kaɗan mafi yawan yini. A rana yana bukatar busasshiyar ciyawa kamar kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa. Dokin da ya kai kilo 300 zai ci kusan kilo 6 na ingirici ko harawa, kafin a zo maganar dusa da hatsi. A gida harawa a bayan ɗaki take. A nan sai an yo ta a mota, in an ajiye ta kuma damshi ya sa ta yi fumfuna. To abin da kan faru shi ne, da yake dusa da masara sun fi sauƙin samu, sai a cika masa kwano sau ɗaya a rana a tafi kasuwa. Wannan shi ke kawo ciwon cikin da ke sa shi birgima, kuma ciwon ciki yana kashe doki a dare ɗaya. Haka canza masa abinci farat ɗaya. In za a canza, a hankali ake yi, cikin mako guda ko fiye. Kada kuma a yarda a ba shi abincin kaji na kamfani don ana ganin dusa ce, akwai maganin da ake sa wa a irin wannan abinci wanda ga doki guba ne. Ruwa kuwa, lita 20 zuwa 40 yake sha a rana, in ana zafi ko ya yi aiki ya fi haka. Wanda ke sayen ruwa a jarka ya san ma'anar wannan lissafi.

Sai ƙafa. Kofato girma yake yi kamar farce, ana gyara shi duk bayan mako 6 zuwa 8. In ya daɗe a cikin caɓi da fitsari sai ƙasansa ya ruɓe, ya yi baƙi, ya yi wari. Ƙafar doki kuma tafiya ce ke juya mata jini. In ya yini ya kwana a tsaye wuri ɗaya dole ta kumbura. Abin da tsohonmu ke nufi ke nan. Shi ya sa a barga ta gari ba a wasa da kilisa, safe ko yamma. Sannan ko da yake doki na gyangyaɗi a tsaye, barci mai nauyi sai ya kwanta yake samunsa. Wanda aka ɗaure da gajeriyar igiya a kan laka, ina zai kwanta? Ƙara da wanka, da cire kaska, da maganin tsutsar ciki, da allurar rigakafin ciwon nan mai sarƙe haƙora da ke shiga ta rauni, wanda doki ya fi yawancin dabbobi saurin kamuwa da shi. Ƙusa ɗaya mai tsatsa a bayan shago ta isa.

Maganar horo kuma ita ce ta fi ba mu tausayi. Ana cewa doki kaza mugu ne, yana cizo, yana harbi, sai a ƙara masa bulala. Amma doki dabba ce mai tsoro, wadda makaminta na farko gudu ne. Idanunsa a gefe suke, ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, shi ya sa in yaro ya lallaɓo ta nan ba magana sai ya kai harbi. Yadda yake koyon abu kuma a sarari yake: ka matsa masa kaɗan, da zarar ya yi abin da kake so ka sassauta. Sassaucin nan shi ne darasin. In ka ja linzami ya tsaya, kai kuma ka ci gaba da ja, me ka koya masa? Ka koya masa cewa ko ya yi biyayya ko bai yi ba zafi ba ya ƙarewa. Linzaminmu na gargajiya, mai ƙarfe a kan harshe da zobe a haɓa, a hannun gwani da yatsa biyu ake sarrafa shi. A hannun yaron da ke son a gan shi yana zamiya a kan kwalta, wuƙa ce a bakin dabba. Mun sha ganin kumfa da jini a bakin doki ranar Sallah, muka ce ai ƙarfi ne. Tutsu ma sau da yawa in aka ɗaga sirdi sai a tarar da gyambo a gadon baya, ko majayi ya ci fata. Haka duƙushin da bai kai shekara 3 ba, ƙashinsa bai gama ƙwari ba, a ɗora masa ƙato. Yawancin abin da muke kira mugun hali, ƙorafi ne na wanda ba shi da baki.

Malamanmu kan karantar da labarin raƙumin nan na wani mutumin Madina, wanda da ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yi kuka idanunsa na zubar da hawaye. Annabi ya shafa shi har ya natsu, ya nemi mai shi, ya yi masa faɗa a kan ya ji tsoron Allah game da dabbar da Allah ya mallaka masa, domin ta kai ƙarar cewa yana barin ta da yunwa yana kuma wahalar da ita. Abu biyu ke nan, yunwa da aikin da ya wuce ƙima. Su ne kuma malaman Malikiyya suka kafa hukunci a kansu. A cikin Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya, in ya ƙi kuwa a tilasta a fitar da ita daga hannunsa. Haka ma in yana ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Ku duba da kyau: ba kyautatawa aka kira shi ba, wajibi aka ce. Akwai kuma hadisin da ya kasa dawaki gida uku, wani lada ne ga mai shi, wani sutura, wani kuwa zunubi, kuma na ukun shi ne wanda aka ɗaure don alfahari da riya. Kowannenmu ya san zuciyarsa.

To a nan wani zai ce, "Malam, dukiyata ce, da gumina na saya." Gaskiya ne. Amma dukiya iri-iri ce. In ka sayi buhun goro ka bar shi ya lalace, asararka ce kai kaɗai. In ka bar mota ta yi tsatsa, ba ta jin komai. Doki kuwa yana jin ƙishirwa da tsakar rana kana shago kana ciniki. Ranar da ka ɗaure shi ka raba shi da duk hanyar da zai taimaki kansa: ba zai je rafi ba, ba zai nemi inuwa ba, ba zai bar wurin da ƙuda ya dame shi ba. Igiyar da ke wuyansa kai ma ta ɗaure ka. Duk abin da ka hana shi nema, ya koma wuyanka ka kawo masa.

Wani kuma zai ce, "Mutane na kwana da yunwa, almajirai na yawo, ku kuna maganar doki?" Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu ce doki ya kai ɗan Adam daraja ba. Amma ta fi zama hujja a kan sayen dokin tun farko, ba a kan barin sa da yunwa bayan an saya ba. Wanda ya ga kuɗin harawa ya fi dacewa da marayu, madalla, ya sayar da dokin ya ba marayun. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a riƙe doki don suna, a hana shi abinci da sunan tausayin mutane, marayun ma ba su gani a ƙasa ba. Sannan mu tuna yaranmu na kallo. Yaron da ya tashi yana ganin ana dukan abin da ba ya iya ramawa, kuma manya na dariya, ya ɗauki karatu. Gobe a kan ƙaninsa zai biya shi, jibi a kan matarsa ko yaron shagonsa.

Magana mafi wuya ita ce ta samarinmu da ke jan dawaki a bakin teku, suna ɗora masu yawon shaƙatawa don a ba su na abinci. Waɗannan ba alfahari ya kai su ba, neman halak ne, kuma ya fi bara ya fi sata. Da yawansu ma dokin ba nasu ba ne, akwai abin da za su kai wa mai shi kowace yamma, ko an samu ko ba a samu ba. Ba za mu zauna a inuwa mu ce su bari ba. Amma aikin yana da iyaka. Kada a ɗora mutum biyu manya. Kada a bar sirdi a bayansa tun hantsi har magariba. A ba shi ruwan daɗi a kai a kai. Kada a zuba masa abinci a kan yashi, domin yashin na taruwa a hanjinsa ya toshe. In bayansa ya yi miki a huta da shi har ya warke. Kuma kaso mafi girma na alhakin yana kan mai dokin da ke zaune a gida yana jiran balas. In ka yanka wa yaro abin da ba zai samu ba sai ya kashe doki da aiki, kai ne ka riƙe bulalar, ko da hannunka bai taɓa ta ba.

Akwai kuma tambayar da ba a yi ranar ciniki: in ya tsufa fa? Dokin da ya samu kulawa yana kai shekara 25, wani ya wuce. Rago in ka gaji da shi ka yanka, saniya ka kai kara. Doki kuwa a mashahurin zancen mazhabarmu ba a cin namansa, saboda haka in ya daina amfani sai ya zama kaya. Nan ne za ka ga an kwance shi an kora, yana yawo a gefen titi yana cin bola har da leda, mota ta buge shi ko ya faɗi ya mutu. Wanda ya ɗauke ka shekara goma ana yi maka kirari, sakamakonsa ke nan? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi doki ya san zai tsufa.

Saboda haka amsar tambayarmu ta farko ita ce a'a. Kuɗin saye ba su isa ba. Abin da ke halatta wa mutum ajiye doki shi ne ya iya sauke haƙƙinsa kullum, har ranar da ba kowa ke kallo, har watan da kasuwa ta ja baya. Kafin ka kira dillali, zauna ka tambayi kanka. Ina da busasshen wuri mai rufi da iska inda zai kwanta? Ina da inda za a yi masa kilisa? Na san inda harawar wata shida za ta fito? Akwai wanda ya san aikin barga da zan biya shi haƙƙinsa, ba yaron shago da za a ƙara wa aiki ba? Na san likitan dabbobin da zan kira da tsakar dare? In amsa ɗaya ta zama babu, to linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, a haƙura. Ba ragin daraja ba ne. Wanda ke son ɗansa ya hau doki, ya yi hayarsa na yini ɗaya daga hannun wanda ya san kiwonsa, ko ya kai yaron gida ya ga hawan Sallah da idonsa, ya gaida kakanninsa. Wannan ya fi arha, ya kuma fi sada zumunci. In kuma mutum huɗu ko biyar ne masu sha'awa, su haɗa kai su yi barga ɗaya mai kyau a bayan gari, ya fi dawaki biyar a bayan shaguna biyar.

Mu kuma sauran jama'a, namu shi ne mu daina yabon abin da bai kamata ba. Mun iya cewa "Allah ya sanya alheri" ranar da aka sauke doki daga mota. Mu koyi cewa "Alhaji, dokin nan fa ya rame" cikin ladabi, a keɓe, ba a bainar jama'a ba. Iyayenmu mata, ku ne ke gida lokacin da maza ke kasuwa. In kun ga bokiti a bushe ku sa yara su cika, ku kuma hana su tsokana da jifa. Cikinmu akwai dattawan da suka san barga tun suna yara, ilminsu na nan zaune ba mai tambaya. A je a same su.

Game da dokin da muka fara da shi, tsohon nan namu bai tsaya a kan magana ba. Washegari da sassafe ya dogara sandarsa ya je, ya yi sallama da maigidan, suka keɓe. Mun ji an zuba yashi da ɓuntu a wurin, an tsawaita igiya, an kira likita, kuma yanzu kowace yamma ana jan sa a hankali zuwa fili. Maigidan ya ce in ya murmure zai mayar da shi gida wurin ƙaninsa mai gona. Ko zai murmure, Allah ne masani, domin an daɗe ba a farga ba. Amma wanda aka yi wa gyara ya karɓa ya cancanci a gode masa, kuma muna gode masa.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ya damƙa a hannunmu, mai baki da marar baki. Allah ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, ya albarkaci kasuwancinmu da iyalanmu. Juma'a mai albarka.